Gangar Baba Cikin Disket

Tawa, 9 ga Afrilu 1994

Zuwa ga yayana Manzo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Aïcha da yara, da duk mutanen Adar da ke zaune tare da ku Abijan. Ya kasuwa, ya haƙuri da zaman nesa? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Maigidana Issouf yana gaishe ka. Lakwal, makarantar da nake koyarwa, har yanzu a rufe take, muna yajin aiki, ni da ƴan ajina mun yi wata uku ba mu ga juna ba.

Ranar Juma'a na je Affala na dubo Baba. Yana ci, yana magana, har faɗa yana yi, amma hannun daman nan da ya shanye tun lokacin sanyi bai motsa ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai. Gangar noma tana rataye bisa kansa inda ka san ta. Da na shiga na iske shi yana kallonta, da ya gan ni sai ya mayar da ido ƙofa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gara ka ji daga bakina kafin ƴan motar Abijan su kawo maka shi da ƙarin gishiri. Na sayar da mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da nake hawa, na sayi piyano. Sake karantawa in kana so, ba kuskuren rubutu ba ne.

Wurin Moussa na saye shi, wanda ke kaɗa wa orkes ɗin nan, ƙungiyar makaɗan bukukuwan ma'aikata. Albashi ya daina zuwa, bukukuwa sun mutu, orkes ya watse, shi kuma ya ɗaura niyyar Libiya. Ya kawo shi shagon Issouf a gyara masa wata waya kafin ya sa shi kasuwa, ni kuwa na kai abinci na iske su. Tsohon abu ne, Yaya. Hannu uku ya bi kafin ya zo ga Moussa, maɓalli uku sun mutu, gefe ɗaya a fashe yake an ɗaure da roba. Amma ba irin piyanon da ka sani ba ne, wanga sauti yake ɗauka ya riƙe. Moussa ya kara mikoro bakin kofin shayi, ya buga kofin da cokali sau ɗaya, ya danna maɓalli, sai ga kofin yana kuka daga cikin akwati. Ya danna na hagu muryar ta yi kauri, ya danna na dama ta sirance. Da kofi guda ya kaɗa waƙa sukutum. Su Issouf suna ta dariya, ni kuwa wallahi akwatin na ƙura wa ido.

Ba ya riƙe abu mai tsawo, daƙiƙa takwas ce iyakarsa. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke kuma ya manta komai, sai in an riga an adana cikin wani ɗan faifai da ake kira disket. Moussa ya haɗa mini da guda shida, cike da gogen Turawa da fashewar kwalba da haushin kare. Me Bature zai yi da haushin kare cikin waƙa, Allah ne masani. Da muka zo ciniki ya ce tun da aka karya darajar sefa a Janairu sabo ya ninka kuɗi a Yamai. Na ce masa ni ba sabo nake saye ba, kuma ba ni ke da mota tana jira ba. Kwana uku muna ja, ranar tafiyarsa ya sallama.

Na san ka riga ka gane inda na dosa. Tun kakanni mace ba ta taɓa gangar gidanmu, ko gular da ake buga ta da ita ba ta ɗauka. Ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Amma ai ba wanda ya toshe mini kunne. Shekara nawa ina bin Baba gona da ƙwaryar fura bisa kai, ina tsaye a gefe har gayya ta tashi? Kowane manomi da takensa, wanda in ganga ta kira shi da shi zai ɗaga hauya sama ya yi kirari ya faɗa wa aiki. Na ƙirga, take arba'in da bakwai ke cikin kaina, kuma ina kaɗa su da yatsu bisa teburin aji in yara sun fita. Kai da aka haifa don ka gaje su ka ajiye gula shekara goma sha ɗaya ke nan, ka ce kai ba za ka yi roƙo ba, ka tafi sayar da agogo. Ban zarge ka ba, agogon ne ya yi wa ɗakin Baba rufin kwano. Ɗan Baffa Attahir kuwa take tara ya sani, sauran hankalinsa yana wurin kiɗin ƴan siyasa.

Baba ba zai iya jera kiɗi ba, amma zai iya bugu ɗaya da hannun hagu, kuma bugu ɗaya ne kawai akwatin nan ke nema. Ya buga, in ɗauka, in jera da yatsuna. Na bincika kaina kaf, ban tuna kakan da ya ce kada mace ta taɓa piyano ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kai ne magajin ganga. Rubuto wa Baffa layi biyu ka ce ka yarda a sauko da ita a buga gaban mikoro. Damina ta matso, kuma ina so bana a ji gangar Baba a gayyar Sarkin Noma Talle tun mai ita yana da kunnen ji.

Ka gaida Aïcha, ka shafa mini kan yara. Allah ya ba da kasuwa, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Raƙiya

Tawa, 12 ga Yuni 1994

Zuwa ga Yaya Manzo,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da sallar layya, ko da yake ta kwana biyu da wucewa. Ina fata kuna lafiya kai da iyali, kuma tarin ƙaramin yaron ya sake shi. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka Affala, mutane sun yi shuka.

Saƙonka ya iso, turmin atamfa da takarda. Atamfar ta yi kyau, na gode ƙwarai. Takardar kuwa na karanta ta sau uku ban sami abin godiya ciki ba. Ka ce in mayar wa Moussa kayansa. Moussa yana can inda Allah ya kai shi cikin Libiya, in kana da adireshinsa ka aiko mini. Ka ce abin kunya ne malamar lakwal, matar aure, ta zama makaɗiya, kuma mutanen Adar suna yi maka dariya a kasuwa. To su yi. Rabin masu dariyar nan na san taken ubanninsu, su kuwa ba su sani ba. Haba Yaya, ni da ka goya, layi biyu na roƙe ka, ka aiko mini shafi huɗu na faɗa.

Ban jira ka ba, gara in faɗa maka gaskiya. Na je na durƙusa gaban Baba na tambaye shi da kaina. Ya tambaye ni ko akwatin yana cinye muryar ganga ne ya bar ta bebiya. Na ce a'a, muryarta na nan inda take. Sai ya ce a kawo.

Ranar Lahadi muka tafi ni da Issouf, da piyano naɗe cikin bargo da gurup, ƙaramin injin wuta na aro, tunda ka san Affala ba kuran. Issouf ne ya sauko da ganga, ni ina tsaye nesa da hannuwana a baya don kada wani ya ce ya gani. Wahalar da muka sha ba ta faɗuwa. Mikoron nan ba abin da ba ya kwasa. Ƙarar gurup ta shiga, muka kai shi bayan rumbu da doguwar waya. Zakara ya shiga, muka kore shi. Sai daka. Gida uku na bi ina roƙon mata su ajiye taɓarya na ɗan lokaci, suna kallona kamar na zautu.

Bugu biyar nake nema: na tsakiya, na baki, na danne, da ƙanana biyun nan da yake rufe take da su. Ka ga Baba yana ɗaga gula da hagu, Yaya, ya buga ya ce bai yi ba, a goge. Na danne kuwa sai da Issouf ya dafa masa fata daidai inda ya nuna. Tun hantsi muke abu ɗaya har azahar kafin ya yarda da biyar ɗin. Ina cikin murna ina gwada su, sai gurup ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Ban adana ba. Laifina ne ni kaɗai, Moussa ya ja mini kunne a kan haka har sau biyu. Duk wahalar tsohon nan ta tafi a banza, na zauna ƙasa ina kuka kamar yarinya. Baba ya nemi ruwa ya sha, ya ce a je a sayo mai, shi bai taɓa ganin ɗan koyon da ya riƙe karatu ranar farko ba, balle na ƙarfe.

Da muka sake, sai na goge haushin karen Bature na zuba gangar Baba a gurbinsa, na kuma zuba a disket na biyu don tsoro. Sannan na ɗora yatsu na kaɗa taken Sarkin Noma Talle. Wallahi ita ce, muryarta ce, har da ɗan kaurin nan da take yi in an buga tsakiya. Baba ya juya fuska bango. Na zaci ransa ne ya ɓaci, sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana bin kiɗin. Bai ce mini na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne gari. Wata shida ba a ji taken kowa daga gidanmu ba, sai ga shi yana tashi da la'asar. Mutane suka sheƙo da gudu, sun zaci Baba ya warke, wata tsohuwa har da guɗa tun daga ƙofa. Suka shigo suka iske ganga jingine ba mai taɓa ta, da mace zaune gaban akwati. Baffa Attahir yana cikinsu. Ya ce wayo ne na banza, ko da hannu ko da waya mace ta kaɗa gangar gida, kuma gonar da mace ta yi wa kiɗi geronta ba ya fidda kai. Na ce masa cikin ladabi ya nuna mini inda yatsana ya taɓa fata. Sai ya saɓi gangar a kafaɗa ya tafi da ita gidansa, ya ce ɗansa ne zai kaɗa ta ranar gayya tunda magaji ya ƙi gida.

Baba yana kallo aka fita da ita, bai ce uffan ba. Wanga shirun ya fi maganar Baffa yi mini ciwo, don har yau ban san ko yana bayana ko kunyata yake ji ba.

Amma ban fasa ba. Kullum da safe in Issouf ya tafi shago sai in zauna in yi ta bita, har maƙwabta sun daina leƙowa. Maɓallan nan uku da suka mutu na koyi tsallake su. Na aika wa Sarkin Noma cewa ina son zuwa gayyarsa, ina jiran amsa. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ranar ina Affala, kuma kana iya gaya wa masu dariya haka na ce.

Ka gaida Aïcha da yara. Duk da faɗan, ina yi maka addu'a kowace salla.

Ƙanwarka,
Raƙiya

Tawa, 7 ga Agusta 1994

Zuwa ga yayana Manzo,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Aïcha da yara, ina fata kowa lafiya. Ya aiki, ya hidimar iyali? Nan damina ta yi albarka, rabon da a ga ruwa irin na bana an daɗe, hatsi ya yi baƙi ƙirin. Ba ka amsa takardata ta biyu ba, kuma na ɗauki shirunka amsa.

An yi gayya ranar Asabar da ta wuce. Sarkin Noma Talle dattijo ne mai wayo. Amsar da ya aiko mini ita ce shi ba zai gayyace ni ya tsallake Baffa ba, amma hanyar da ta bi gefen gonarsa ta kowa ce, ba shi da ikon hana mutum tsayawa bisa kanta. Na gane. Muka ɗauki amalanken jaki, muka ɗora piyano da gurup da ampili na aro mai ƙara sauti. Za mu fita ke nan Baba ya ce a ɗora shi shi ma, wai yana so ya ga hatsi. Muka shimfiɗa masa tabarma bayana.

Mun iske maza sun fi sittin cikin gona, ɗan Baffa yana tsaye da gangar Baba. Ba zan yi masa ƙarya ba, hannunsa da ƙarfi. Amma take tara ne, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Mutum tara suna ta tsalle da kirari, sauran suna tura hauya shiru kamar ƴan ƙwadago. Muka tsaya bisa hanya, Issouf ya ta da gurup, na sa disket. Ka san sai ya ɗauki lokaci yana ƙugi kafin sauti ya shiga. Tsawon lokacin nan duk idon gona yana kaina, wani ya ɗaga murya ya ce malama ta kawo musu talabijin, aka kwashe da dariya. Gumi har cikin idona. Na lulluɓe akwatin da gyalena saboda rana, na ce a raina ko zai kunyata ni sai dai ya kunyata ni a nan.

Da ya shirya ban fara da manya ba. Na hangi Alhusaini can ƙarshen layi, talakan nan mai gona ɗaya bayan tabki, wanda ba ya cikin taran, na kaɗa nasa. Ya tsaya cak. Ya dubi ganga, ya ga hannun ɗan Baffa bai motsa ba, ya waiwayo hanya. Sai ya ɗaga hauya sama ya fasa kirari da murya har tana karyewa, ya faɗa wa ciyawa kamar saurayi. Daga nan gona ta rikice. Wanga ya ce nasa, wancan ya ce na ubansa, ina kaɗawa suna amsawa, ƙasa tana tashi. Ba duka ba, kada in yi maka ƙari. Baffa ya tofar da yawu ya fita, mutum kamar goma suka bi shi, wasu kuma suka juya mini baya har aka tashi. Ɗansa dai bai tafi ba, ya tsaya yana saurare, can na ji yana bina a hankali.

Da na zo taken Sarkin Noma kansa, zumuɗi ya kwashe ni. Ina tsakiyarsa sai na ji abu ya sauka bisa wuyan hannuna, tau, har yatsuna suka tashi daga maɓallai. Na waiga. Baba ne ya jawo jiki ya matso, da tsohuwar gularsa a hannun hagu. Ashe cikin riga ya ɓoye ta, Baffa ganga kawai ya ɗauka. Ya ɗaga murya yadda na kusa duk suka ji, ya ce: "Kin yi gaggawa, ɗiyata. Talle ba ya gudu a bugu na huɗu. Sake."

Kai ka fi kowa sanin wanga bugu, don ka sha shi. A gidanmu ba a bugun kowa da gula sai wanda ake koya wa gado. Gular da aka ce kada in taɓa, ita ta taɓa ni, da hannun mai ita, gaban maza sittin. Na sake taken a hankali, hawaye suna zuba bisa maɓallai, Talle ya cire hula ya ɗaga hauya. Shatar tana nan a hannuna har yau, kuma ban shafa mata komai ba.

Ba a bar ni haka ba. Da yamma Baffa ya tara dattijan gida, suka yanke cewa ƙafata kada ta sake taka gidanmu na Affala, ko suna ko biki ko rasuwa. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini zafi ƙwarai. Gidan da aka haife ni, ɗakin da Inna ta cika a ciki. Amma ban ba da haƙuri ba, don ban san laifin da zan ba da haƙuri a kansa ba. Da aka gaya wa Baba, sai ya ce a naɗe masa tabarma da butarsa. Yanzu haka yana nan Tawa wurina, cikin ɗakin da ke kallon bishiyar dogon yaro, yana ƙorafin furar birni ba ta da daɗi.

Kuma ya karya mini girman kai. Ya ce arba'in da bakwai ɗin da nake taƙama da su ba su ne duka ba, sittin da uku ne. Sauran na mutanen da suka rasu ne tun ban yi wayo ba, ana ajiye su har jikokinsu su isa riƙe hauya. Kowace safiya yana faɗa mini ɗaya da baki, ina nema bisa maɓallai, gula tana gefensa. Mun kai na hamsin da biyu. Sai dai harshensa ya fara nauyi, Yaya, jiya sai da ya maimaita sau huɗu kafin na gane, kuma yana gajiya da wuri. Ina tsoro, shi ya sa ba na barin safiya ta wuce.

Kai ne magaji, ban ƙwace maka komai ba. Gangarka tana gidan Baffa, duk ranar da ka dawo ka je ka karɓa, ni ba zan taɓa ta ba har in mutu. Amma abin da za ka kaɗa bisa kanta yana nan gidana. In ka zo da wuri za ka koya daga bakin Baba. In ka makara, za ka zauna bisa tabarma gaban ƙanwarka, kuma ban yi maka alkawarin sauƙi ba.

Baba yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko agogon da kake sayarwa suna nuna maka lokaci. Issouf yana gaishe ka. Ka gaida Aïcha da yara, Allah ya tsare, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Raƙiya makaɗiya